Dahuwar Naman Shanu a Damagaram: Daga Tukunyar Ƙasa zuwa Tukunyar Lantarki

Duk wanda ya bi tarihin girki a ƙasar Damagaram zai tarar cewa kusan komai na cikin tukunyar nama ya sauya a cikin shekara 200 da suka wuce, tun daga ita kanta tukunyar har zuwa man da ake suya da shi da kayan da ke ba miya launi, amma abu biyu sun tsaya inda suke, wato taurin naman shanun da ake yankawa a wannan yanki da kuma wahalar samun abin da za a hura wuta da shi har naman ya nuna. Tukunyar matsin tururi mai aiki da lantarki, wadda ke tsare tururi a cikinta har zafin ruwa ya zarce na tafasar da aka saba, ita ce dabara ta baya-bayan nan da aka fuskanci waɗannan matsaloli biyu da ita, kuma ba a iya auna amfaninta ga mutanen Zinder sai an san dabarun da suka gabace ta.

Masarautar Damagaram ta kafu a wajajen shekarun 1730 a hannun zuriyar wani malami Babarbare da tarihin baka ke kira Malam Yunus, ta daɗe tana kai gaisuwa ga sarakunan Barno, sannan a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mayar da gidan sarauta Zinder. Ƙarfinta ya kai ƙololuwa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin kimanin shekara 30, shi ne kuma ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ya ja hankalin ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya bi ta Gat da Agadas ya nufi Kano. Buzaye da fatake suna sauka a unguwar Zango, a wajen ganuwa, kuma matafiya Turawa irin su James Richardson a farkon 1851 da Heinrich Barth a ƙarshen 1852 sun tarar da garin yana cike da hada-hada. Abin da ya fi shafar tukunya a cikin wannan tarihi shi ne mazaunin garin, domin Zinder tana kan iyaka ce tsakanin ƙasar makiyaya ta arewa, wajen Damargu da abin da ke bayanta, da ƙasar manoma ta kudu, wajen Magarya da Kance, ga kuma gishirin Bilma da Faci da raƙuma ke saukewa a kowace shekara, ga mangul da kanwa da ke fitowa daga Muniyo da ƙasar Manga ta gabas. André Salifou a littafinsa na 1971 da Stephen Baier a nasa na 1980 sun yi bayanin yadda arzikin masarautar ya dogara ga wannan musaya.

Yawan dabbobi a kewayen gari bai sa naman shanu ya zama cimar yau da kullum ba. Abincin talaka gero ne, fura da rana, tuwo da dare, miyarsa kuwa ta kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, ana ɗaga ɗanɗanonta da daddawar kalwa ko daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, nama kuma sai ranar kasuwa ko suna ko salla, shi ma galibi na akuya ne ko na tunkiya. Yankan awaki yana da wata riba ta daban, saboda fatunsu suna tafiya majema, kuma jemammiyar fata tana cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka zuwa bakin Bahar Rum. Saniya kuwa a wurin Bafulatani dukiya ce mai ba da nono da man shanu da maruƙa, ba ya rabuwa da ita sai ta tsufa ta daina haihuwa, ko kuma lalura ta kama shi, ko jangali, wato harajin shanu, ya zo wuya. Saboda haka abin da ke isa hannun mahauta, waɗanda kamar a sauran biranen Hausa suke ƙarƙashin Sarkin Fawa mai kula da yanka da tsarin sana'ar, yawanci tsohuwar saniya ce ko bijimin da ya sha tafiya, sai fa a gidan sarki da gidajen manyan attajirai inda ake iya turke sa a ciyar da shi har ya yi kitse.

Dalilin taurin irin wannan nama a fili yake. A cikin tsoka akwai jijiyoyi da tantani waɗanda ke ɗaure zaren nama, kuma abin da aka gina su da shi shi ne sinadarin da masana ke kira kolajin, wanda ke ƙara ƙarfi gwargwadon shekarun dabba da aikin da tsokar ta yi. Jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni da shanun Azawak suna cin dogon zango a kowace shekara, suna hawa arewa da damina suna gangarowa kudu da rani, suna ramewa a bazara, don haka namansu ba shi da kitsen da ke ratsa tsoka ya tausasa ta. Ƙari a kan haka, a ƙasa mai zafi wadda ba ta da wurin sanyaya nama, abin da aka yanka da safe dole a sayar da shi kafin yamma, alhali tsoka tana sandarewa bayan yanka kuma ba ta sakewa sai ta kwana biyu a wuri mai sanyi. Kolajin ba ya narkewa sai da zafi da ruwa da lokaci mai tsawo, idan kuma ya narke shi ne ke zama danƙon nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce. Gashi a kan garwashi ba ya yin wannan aiki, shi ya sa masu tsire da masu kilishi suke zaɓen tsoka zalla su fere ta siriri, su bar wa tukunya ƙauri da wuya da haƙarƙari da jela.

Tukunyar da ta ɗauki wannan nauyi shekaru aru-aru ta ƙasa ce, kuma garin Mirya, mai tazarar kusan kilomita 18 gabas da Zinder, ya yi suna da ginin tukwane har yau. Tukunyar ƙasa tana jinkirin ɗaukar zafi, amma idan ta ɗauka ba ta saurin sakinsa, kuma zagayayyen gindinta yana zama daram a kan duwatsun murhu uku ya bar harshen wuta ya lashe ta ko'ina. Mai girki takan zuba nama da ruwa da gishiri da albasa ko gabu, wato busasshen ganyen albasa, ta daka citta da masoro da kanumfari da kimba ta zuba, ta rufe bakin da kasko, ta iza itace uku ta ƙofofin murhu, idan ya tafasa ta janye biyu ta bar ɗaya yana ci a hankali, lokaci-lokaci ta buɗe ta ƙara ruwa, ta tsamo yanka ɗaya ta matsa da yatsa ta ji ko ya fara sakin jiki. Naman tsohuwar saniya yakan cinye awa uku ko fiye a haka, kuma duk tsawon lokacin mace tana kusa da hayaƙi. Mahauta ma suna da tasu dahuwar, wadda a garuruwan Nijar ake kira tukunya, inda ake shirya nama da kayan yaji da ɗan ruwa kaɗan, a rufe bakin sosai, a bar shi cikin zafin garwashi ya dahu da ruwan jikinsa har ya rabu da ƙashi. Ya kamata a lura cewa tsare tururi ba baƙon ilimi ba ne a ɗakin girkin Bahaushiya, domin mai yin dambu tana ɗora madambaci a kan tukunya ta naɗe mahaɗarsu da jiƙaƙƙen tsumma da aka shafa wa kuka don kada tururi ya tsere. Abin da yumɓu da tsumma ba sa iyawa shi ne riƙe tururin har ya yi matsi.

Inda lokaci ko itace ya gaza, kanwa ke cike giɓin. Ita kanwa gishiri ce mai kaifi da ake kankarowa a busassun tafkuna, kuma ɗan ƙanƙanen gutsurenta yana sassauta wake da ganye da nama, ya rage lokacin dahuwa sosai. Damagaram, da yake tana maƙwabtaka da tafkunan Muniyo, ba ta taɓa rasa ta ba, har ma tana tura ta Kano da ƙasar Nufe. Sai dai idan ta yi yawa takan baƙanta miya ta ba ta ɗanɗanon sabulu, kuma binciken zamani ya nuna tana lalata wasu sinadaran gina jiki, musamman bitamin B1.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya zo da girgiza biyu. Annobar bushiya da ta ratso Afirka daga gabas ta iso wannan yanki a wajajen 1890 zuwa 1891 ta kashe mafi yawan shanu, ta bar makiyaya da yawa da sanda kawai. Bayan haka aka kashe hafsan Faransa Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, a shekarar da ta biyo baya sojojin Faransa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa, kuma daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Amma abin da ya fi taɓa kasuwar nama shi ne isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, wanda ya karya cinikin Sahara ya juya fuskar fatake kudu. Tun daga nan shanu mafi kyau suka riƙa bin burtali zuwa Kano, daga can zuwa biranen kurmi, kuma har yanzu dabbar da aka saya a Bakin Birji ko Tanut sau da yawa a Maigatari take kwana. Mahaucin gida ya ci gaba da yanka abin da dillalan kudu suka bari.

A ƙarni na 20 ne jar miya, wadda matasan yau ke ɗauka tun kaka da kakanni take, ta shigo. Tumatir da tattasai da barkono duk asalinsu nahiyar Amurka ne, kuma ko da yake barkono ya riga ya daɗe a ƙasar Hausa, tumatir bai zama ruwan dare ba sai da noman rani ya bunƙasa, aka kuma fara shigo da na gwangwani. Noman gyaɗa da Faransawa suka ƙarfafa a Magarya da Matamai ya sa man gyaɗa ya wadata ya maye gurbin man shanu a tukunyar masu ƙaramin ƙarfi, jan tattasan Difa daga bakin kogin Komadugu ya ba miya launi, dunƙulen magi, wanda kamfanin Maggi ya fara yi a Turai a 1908, ya raba wa daddawa matsayinta, shinkafar da ake shigowa da ita daga Asiya kuma ta samar wa wannan miya abokin tafiya. Tsarin dahuwar ma ya canja, domin yanzu akan tafasa nama tukuna, a tsame a soya shi, a soya kayan miya har ruwansu ya tsotse mai ya taso, sannan a mayar da nama da romonsa. Suyar nan ba ado ba ce, ita ce ke haifar da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi ta hanyar haɗuwar sukari da furotin a zafi mai yawa, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912.

Bayan yaƙin duniya na biyu sana'ar narka tsofaffin ƙarafan alminiyam a zuba su tukwane ta bazu a Afirka ta Yamma, kuma wannan tukunya, da yake ba ta fashewa kuma tana saurin zafi, ta kori ta ƙasa daga yawancin gidajen birni. Ba ta rage cin itace yadda ake zato ba, saboda kamar yadda take saurin ɗaukar zafi haka take saurin zubar da shi. Garin kuwa yana ta faɗaɗa, dajin geza da sabara da taramniya yana ja da baya, farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka kashe dabbobi da itatuwa tare, har mata a karkara suka koma ga kara da busasshen kashin shanu, abubuwan da gona ke buƙata. Hukuma da ƙungiyoyi sun yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi a shekarun 1980, kuma dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara don mutanen ƙauye su riƙa kula da dajinsu suna cin moriyarsa. Aikin da ya fi cancantar yabo shi ne na manoman Magarya da Matamai da Mirya, waɗanda suka riƙa barin 'ya'yan gawo suna girma a gonakinsu har yankin ya sake yin duhu da itatuwa. Duk da haka itace da gawayi suna cin kaso mai nauyi na cefanen gidan birni, kuma a ranar layya, lokacin da ake gicciye raguna a kan sanduna a jera su kewaye da babbar wuta tun hantsi har dare, farashin itace yakan yi tashin da kowane magidanci ke ji a aljihunsa. Hayaƙin kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida tana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarta.

Tukunyar matsin tururi ta fito ne daga wata duniya dabam. Denis Papin, Bafaranshe mai aiki a Landan, ya ƙera ta farko a 1679, ya sa mata mashaƙa mai sakin tururi idan matsi ya yi yawa don kada ta fashe, kuma a 1682 ya ciyar da masanan Royal Society abincin da ƙasusuwansa suka yi laushi a cikinta. Hikimar ita ce ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas komai yawan wutar da aka iza, a Zinder ma da ke sama da teku da fiye da mita 400 yana tafasa ƙasa da haka kaɗan, amma idan aka hana tururi fita, matsin da ke kan ruwan yakan ƙaru, zafinsa ya kai wajen digiri 120, kuma a wannan zafi kolajin yana narkewa cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na lokacin da aka saba. Sai a ƙarni na 20 ta zama kayan gida, Amurkawa suka gan ta a baje kolin New York na 1939, kamfanin SEB na Faransa ya fito da tasa a 1953, wadda masu jin Faransanci ke kira kokot-minit. Irin wannan ta isa gidajen wasu ma'aikata a Nijar, amma ba ta dace da murhun itace ba, tun da harshen wuta yana ƙona marfi da robar bakinta, kuma tana son wutar da ake iya ragewa daidai. Buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Zinder a watan Nuwamba na 2011, wadda ke tace ganga 20,000 a rana tana kuma fitar da iskar gas, ya sa girki da gas ya yawaita a birni, ya buɗe mata ƙofa.

Ta lantarki kuwa an fara ƙera ta a ƙasar Sin a farkon shekarun 1990, ta yi suna a duniya bayan fitowar Instant Pot a Kanada a 2010. Tana da tukunyar ƙarfe a ciki, da abin zafafawa a ƙasa, da bango mai hana zafi fita, da na'urar da ke kashe wuta idan matsi ya kai ta kunna idan ya ragu, zafinta kuma yakan tsaya wajen digiri 115. Mai dafa naman shanu a cikinta takan fara da marfi a buɗe, ta soya albasa da nama kashi-kashi don kada ya fitar da ruwa ya koma tafasa, ta zuba ruwa kaɗan ta kankare abin da ya kama a gindi, ta ɗora markaɗen tumatir a sama ba tare da juyawa ba saboda kaurinsa yana saurin ƙonewa, sannan ta murɗa marfi ta rufe mashaƙa. Bayan 'yan mintoci wani ɗan ƙarfe ya taso ya kulle marfin, daga nan minti 35 zuwa 45 sun ishi ƙauri da wuya, kuma an fi so a bar matsin ya sauka da kansa, domin sakin tururi da gaggawa yana busar da nama. Kanwa ba ta da aiki a nan. Abin da ya fi yi wa gwanar girki wuya shi ne ba ta da ikon buɗewa ta ɗanɗana ko ta ƙara gishiri, kuma ruwan da ta zuba shi za ta tarar, don haka dole ta rage shi tun farko ko ta buɗe a ƙarshe ta bari ya tsotse. Miyar kuka da ta kuɓewa, waɗanda ke son kaɗi da maburgi, sai bayan nama ya nuna ake haɗa su a buɗe.

Ko da yake ƙarfin tukunyar lantarki yakan kai wat 1000, ba ta jan wuta sai jifa-jifa, har tukunyar nama guda ba ta cika cin kilowat-awa ɗaya ba, wanda ke nufin ta fi gawayi araha a inda wutar take. A nan ne matsalar Damagaram ta bayyana, domin waɗanda ke da lantarki a Nijar ba su kai kashi 25 cikin 100 ba, a karkara kuma ƙalilan ne ƙwarai. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, yana ba Zinder da Maraɗi wuta ne mafi yawa ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa, kuma da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024, mutanen garin sun ga iyakar dogaro ga wannan igiya guda. Ko a lokacin lumana, watannin Afrilu da Mayu na ɗaukewar wuta ne. Tukunyar tana jure gajeren ɗaukewa, tun da zafin da ta tsare yana ci gaba da dafa nama, amma ba ta jure na yini guda.

Girmanta ma abin dubawa ne, domin wadda aka fi sayarwa lita 6 ce, ta isa gidan ma'aikaci mai mutum biyar ko shida, amma ba ta isa gidan gandu mai baki 20 ba, balle girkin biki ko suna, inda har yanzu manyan tukwanen alminiyam da itace ke aiki. Kuɗin sayenta a dunƙule yake, alhali itace ana sayensa ne kullum da ɗan abin da ya samu, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akwai kuma batun gyara, wanda masu tallata ta ba su cika ambata ba. Tukunyar alminiyam idan ta huje maƙeri yana liƙe ta ko ya narka ta ya sake zuba wata, amma ta lantarki tana dogara ga zoben roba da ke bakin marfi, wanda ke saki bayan shekara ɗaya ko biyu, da kuma na'urar cikinta, wadda hawa da saukar ƙarfin wuta ke iya ƙonawa, kuma idan ɗayansu ya lalace tukunyar ta tashi aiki har sai an sami madadinsa. Yaɗuwarta a Birni da Zango da sababbin unguwanni za ta dogara ne ga ko 'yan kasuwar Dole masu saro kaya daga Kano za su riƙa kawo waɗannan ƙananan kayan gyara tare da ita, da kuma ko masu gyaran rediyo da fanka za su koyi buɗe cikinta.